Yayata na susa har jini, an ce ciwon hanta ne amma ba hepatitis ba, wa ya san PBC?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum ƴan uwa, don Allah ina neman wanda ya san wani abu a kan ciwon da ake ce wa PBC. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, shekararta 47, malamar firamare ce. Kusan shekara biyu ke nan tana fama da ƙaiƙayi, kuma babu ƙurji babu komai a fatar, amma da dare ya yi sai ta kama susar tafin hannu da tafin ƙafa da gadon baya, har mataji take sawa, gari ya waye ka ga zanen gado da ɗigon jini. An canza sabulu an canza man shafawa, an ce ruwan rijiyarsu ne, an ce ƙazuwa ce, ta sha piriton har ta gaji. Ga wata irin gajiya, tana cikin duba littafin yara barci zai ɗauke ta, fatarta kuma ta yi duhu sosai alhali ita ce mai hasken gidanmu. An gwada hepatitis B da C har sau uku duk babu. Sai watan jiya wani likitan hanta a asibitin koyarwa ya ga wani abu a gwajin jininta wai ALP ya kai 480, ya sa aka tura jininta Legas aka yi wani gwaji AMA, ya dawo akwai, shi ne ya ce PBC ne ya rubuta mata ursodeoxycholic acid. To a takardar lab ɗin an rubuta primary biliary cirrhosis, ɗanta ya duba a waya ya ga ma'anar cirrhosis wai hanta ce ta ƙandare, tun ranar Yaya ba ta iya cin abinci, har ta fara cewa in riƙe mata autarta. Kuma a gidan nata an ware mata kofi da kwano da cokali, wallahi wannan ya fi komai ƙona min rai. Ana ɗauka ne? Ana warkewa?

Ummu Sultan:
Wa alaikumus salam. Allah sarki, Allah ya ba ta lafiya ya sa kaffara ne.

Baban Khalifa:
Allah ya ƙara sauƙi. Hajiya wannan ai shawara ce ta ɓuya a jiki ba ta fito ido ba, sunan turanci kawai suka ba ta. A nemo saiwar rawaya a jiƙa mata ta sha sati biyu, mu da shi aka raine mu a ƙauye kuma ga mu nan.

Likita Zee:
Wa alaikumus salam Maman Hanif. Kafin komai ki kira Yaya yanzu ki ce mata ba a ɗauka. Ba ta kofi ba, ba ta jini ba, ba ta kwanciyar aure ba, babu wata ƙwayar cuta a ciki balle ta tsallaka jikin wani. A mayar mata da kwanonta cikin na mutane yau ɗin nan.

Abin da ke faruwa shi ne, hanta tana haɗa ruwan madaciya, wannan ruwan mai ɗaci da ke taimakawa wajen narkar da maiƙo, kuma a cikin hantar akwai ƙananan hanyoyi sirara kamar gashi da ke kwashe ruwan su kai shi manyan hanyoyi har ya isa hanji. A PBC garkuwar jikin mutum ce da kanta take rikicewa ta dinga kai wa waɗannan ƙananan hanyoyin hari a hankali a hankali, suna kumbura suna lalacewa, sai ruwan ya rasa hanyar fita ya taru a hanta, wani kuma ya koma cikin jini. Kamar unguwar da ƙananan magudananta suka toshe ne, babbar kwata lafiyarta ƙalau amma ruwa na kwanciya a gindin katanga yana cin ta. Shi ya sa in an yi hoton ciki sau da yawa ba a ganin komai, don abin ya yi ƙanƙanta da yawa. ALP ɗin da ya hau shi ne alamar ruwan ba ya tafiya, AMA kuma shi ne tambarin ciwon, ana samunsa a wajen kashi 90 zuwa 95 cikin ɗari na masu shi. In an haɗa biyun nan yawanci ba sai an tsaga an ɗebi tsokar hanta ba. Likitanku ya yi aiki mai kyau gaskiya.

Maman Hanif:
Likita Allah ya saka da alheri, har na ji hawaye. To maganar cirrhosis ɗin fa? Don shi ne ya karya mata zuciya.

Likita Zee:
Tsohon suna ne. Da can sai ciwon ya ci hanta ya gama ake gano shi, shi ya sa aka sa masa wannan sunan. Yanzu da gwajin jini ya yawaita mafi yawan waɗanda ake ganowa hantarsu ba ta kai ga ƙandarewa ba, wasu ma ba su da ko alama ɗaya, a wajen wani gwajin daban ake tsintar abin. A 2015 aka canza sunan a hukumance ya koma primary biliary cholangitis, wato kumburin hanyoyin madaciya, aka bar haruffan PBC yadda suke, kuma su kansu masu ciwon ne suka matsa a canza saboda irin wannan firgicin da Yaya ta shiga. Wasu lab ɗin har yau tsohon sunan ne a kwamfutarsu. Sunan da ke kan takarda ba ya nuna matakin da hantarta take, wannan sai likitanta ya duba gwaje-gwajen jini na bilirubin da albumin da platelet, in da hali a yi FibroScan, wata na'ura ce kamar ta hoton ciki da ke auna taurin hanta, ba zafi ba allura.

Anti Bilki:
Maman Hanif ni ma ina da shi, shekara ta bakwai ke nan, ina zaune a Ingila. Ki karanta wa yayarki wannan da bakina. Ranar da aka faɗa min na zauna a mota na yi kuka kamar raina zai fita, na ɗauka ba zan ga auren ƴata ba, to ga shi bara na goya jika. Ina shan urso ɗina kullum, wato ursodeoxycholic acid ɗin da aka rubuta mata, ina zuwa aiki, ALP ɗina ya sauko daga sama da 400 ya dawo kusa da daidai cikin shekara ɗaya. Abin da ba wanda ya gaya min da wuri kuma ya kusa sa ni in bar maganin, urso ba ya kashe ƙaiƙayi kuma ba ya cire gajiya. Na sha wata uku ina susa kamar da, na ce to amfanin me yake min, na ajiye shi sati uku ban gaya wa kowa ba, da na koma asibiti lambobin sun hau. Nas ɗin ta zaunar da ni ta ce wannan maganin hantarki yake karewa, ba za ki ji aikinsa a jikinki ba, a takardar gwaji za ki gan shi, ƙaiƙayi kuma maganinsa daban. Don Allah ki kula da wannan don na tabbata ita ma tunanin zai zo mata.

Maman Hanif:
Anti wallahi kamar kina gidan. Jiya jiyan nan take ce min sati huɗu tana sha ba ta ga canji ba, kuɗi kawai ake zubarwa.

Baban Khalifa:
To kun ji ko. Magani ana sha ba a ga sauƙi ba, kuma an ce har ƙarshen rayuwa, wannan ai kasuwa ce kawai ake ci da mutane. Ni ban ce a bar asibiti ba amma a haɗa da na gida, me zai rage?

Mai Kemis na Zariya:
Baban Khalifa da girmanka, zai iya ragewa sosai. Duk abin da mutum ya haɗiya hanta ce ke tace shi, hantar da ruwan madaciya ya riga ya kwanta mata kuma sai ka ƙara mata jiƙon da ba wanda ya san ƙarfinsa, kofin yau daban na gobe daban. Sannan in lambobin suka hau likita ba zai gane ciwon ne ke gaba ko jiƙon ne ba, sai ya ɗauka urso ya gaza. Kuma shi kansa urso ɗin asalinsa daga maganin gargajiya ya fito, mutanen Sin sun daɗe suna amfani da madaciyar dabbar beyar, sunan ma daga sunan dabbar ne a Latin. Masana suka ware sinadarin da ke aikin, aka gwada shi a kan masu ciwon shekara da shekaru, aka san awonsa, Amurka ta amince da shi don PBC a 1997. Yanzu a masana'anta ake haɗa shi, kuma akwai ɗan kaɗan ɗinsa a ruwan madaciyar kowannenmu tun asali. Aikinsa shi ne ya maye gurbin masu zafin cikin ruwan ya sa ya dinga gudu da sauƙi. Ai hawan jini da suga ma kullum ake shan maganinsu ba mu ce kasuwa ba ce.

Baban Khalifa:
Na ji Malam. Amma rawayar nan ni na ga wanda idonsa ya yi rawaya kamar kwaiduwa ya sha ya tashi, ba labari aka ba ni ba.

Likita Zee:
Ban ƙaryata ka ba Baban Khalifa, ka gani ɗin. Shawara alama ce, abubuwa da yawa ke kawo ta, kuma wasunsu kamar hepatitis A da kansu suke warkewa cikin makonni ko an sha wani abu ko ba a sha ba. PBC ba ya cikinsu. Shi in ido ya fara rawaya to an yi nisa, abin da muke gudu ke nan, duk wannan shan maganin don kar a kai can ne. Wanda aka gano da wuri kuma jikinsa ya karɓi urso, tsawon rayuwarsa kusan ɗaya ne da na sauran mutane, wanda aka bari kuwa a hankali hantar ke yin tabo har ta ƙandare, daga nan sai ruwa a ciki da aman jini, ƙarshe sai dashen hanta, kuma kowa ya san abin da fita waje dashen hanta ke nufi ga malamar firamare.

Mai Kemis na Zariya:
Maman Hanif nawa ne nauyin Yaya kuma guda nawa take sha a rana?

Maman Hanif:
Kilo 68 ne a katin asibiti. An rubuta mata 250mg guda huɗu a rana, amma gaskiya saboda tsada guda biyu take sha don kwalin ya kai wata.

Mai Kemis na Zariya:
Innalillahi. To nan ne matsalar da ta fi ta jiƙo ma. Awon maganin nan da nauyi yake tafiya, 13 zuwa 15mg ga kowane kilo a rana, kilo 68 ya kama tsakanin 884 da 1020, wato guda huɗun nan da likita ya rubuta daidai ne cif. Guda biyu rabin awo ne, an kashe kuɗi kuma ba a samu kariyar ba, bayan shekara a ce maganin bai karɓe ta ba alhali ba a sha shi yadda ya kamata ba. Na san da tsada wallahi, kullum ina ganin yadda mutane ke juya takarda a gaban kanta. Ku zauna ƴan uwa ku yi karo-karo, ku tambayi wasu kamfanonin don ba lallai sai mai tsadar ba, sinadarin ɗaya ne, ku duba lambar NAFDAC a kwalin, in tana da inshorar lafiya ta ma'aikata a bincika ko za su ɗauki wani abu. Akwai mai 300mg ma, in shi aka samu kar ku yi lissafi da kanku ku koma wa likita ya daidaita.

Hajiya ta Maraɗi:
Sannunku da ƙoƙari. Ni tambayata, mi ya sa mata ne abin ya fi kamawa? Ƙanwar maigidana ma likita a Yamai ya ce mata hakanan, ita kuma idonta da bakinta ne ke bushewa, ko tuwo ba ta iya haɗiya sai da ruwa.

Likita Zee:
Hajiya haka ne, cikin kowane mutum goma masu shi wajen tara mata ne, kuma yawanci tsakanin shekara 40 zuwa 60 ake gano shi. Cututtukan da garkuwar jiki ke juya wa mai ita baya dama sun fi yawa a mata, kuma suna son tafiya tare, wannan bushewar ido da baki da kika faɗa sunanta Sjögren, tana yawan rakiyar PBC, haka ma ciwon tayirod, wata ƴar halitta da ke gaban wuya, shi ya sa nake so a gwada wa Yaya tayirod ɗin don in ya yi ƙasa shi kaɗai ma yana kawo gajiya da barci kuma maganinsa mai sauƙi ne. Akwai gado a ciki, ƴar mai ciwon ko ƴar uwarta ta fi sauran mutane haɗarin samu, sannan an ga alaƙa da shan taba da yawan ciwon mafitsara. Ba wani abu ne da ta ci ko ta aikata ba, kuma ba giya ba ce, na faɗi wannan don na san irin maganar da ake yi a gari da an ji ciwon hanta.

Maman Hanif:
Likita to ni ma ke nan in je? Shekarata 41.

Likita Zee:
Ki je a yi miki gwajin aikin hanta mai ALP a ciki, ba shi da tsada kamar AMA. In ya fito daidai shi ke nan ki kwantar da hankalinki, mafi yawan ƴan uwa ba sa samu.

Abban Lab:
Ƙarin bayani kaɗan daga ɓangarenmu. Kowane lab da iyakarsa ta ALP, yawanci wajen 120 zuwa 130 ne ga babba, don haka ku riƙe lab ɗaya kar yau nan gobe can, kuma ku ajiye duk takardun a fayil ɗaya da kwanan wata. ALP daga ƙashi ma yana fitowa, mai ciki ma nata yana hawa, shi ya sa ake haɗawa da wani gwajin jini GGT don a tabbatar daga hanta ne. Abin da ke damuna shi ne a nan da an ga hepatitis B da C babu sai a ce wa mutum hantarka lafiya lau, saboda B ɗin ne ya yi mana yawa shi kowa ke nema, alhali ga ALP can a ƙasan takarda ya ninka uku ba wanda ya kalla. Mace ta wuce arba'in tana susa ba ƙurji, a duba ALP kafin a ce mata sabulu ne.

Ummu Sultan:
Ni dai ƙaiƙayin nan ne ya tsaya min a rai, ba abin da za a yi mata ne? Mutum bai yi barci ba ai ko lafiyayye ne sai ya rame.

Anti Bilki:
Akwai Ummu Sultan. Ni wani gari aka ba ni cholestyramine, a ƴar leda yake kamar ta ORS, ana damawa da ruwa, ba daɗi kamar yashi yashi amma ya taimake ni. Sharaɗinsa kar a haɗa shi lokaci ɗaya da urso, a ba da tazarar awa huɗu, in ba haka ba zai kama urso ɗin a hanji ya fita da shi. Sauran dabaru kuma na kaina, ruwan sanyi maimakon na zafi, kayan auduga marasa matsewa, yanke farce, man shafawa mai mentol a ajiye shi a firij. Zafi na tayar da shi sosai, ina tunanin yadda take ji a watan Afrilu a gida ba wuta, Allah sarki. Gajiyar ita ce ban samu maganinta ba har yau, na dai koyi yin aiki mai nauyi da safe, kuma na daina jin kunyar cewa na gaji. A gaya wa maigidanta ba lalaci ba ne, ciwon ne.

Likita Zee:
Anti Bilki ta gama magana. Piriton barci kawai yake sawa, wannan ƙaiƙayin ba irin na borin jini ba ne. In garin bai yi ba ko ba a same shi ba akwai rifampicin, amma don Allah kar wanda ya karanta nan ya je ya saya, maganin tarin fuka ne, shi kansa yana iya taɓa hanta sai ana bibiya da gwaji, kuma a ƙasa irin tamu dole a tabbatar mutum ba shi da tibi kafin a ba shi shi kaɗai. Akwai wasu ma bayan shi, duk aikin likitanta ne.

Baban Khalifa:
To Likita tambaya ta gaskiya, in ta sha cikakken awon shekara guda kuma bai yi ba fa?

Likita Zee:
Tambaya mai kyau. Yana faruwa, wajen mutum uku zuwa huɗu cikin goma ALP ɗinsu ba ya sauka yadda ake so, musamman waɗanda abin ya kama da ƙuruciya. Bayan wata 12 ake yanke hukunci, ana so bilirubin ya zama daidai ALP kuma ya dawo ƙasa da wajen ninki ɗaya da rabi na iyaka. In bai kai ba ba a cire urso, ƙari ake yi a kansa. Akwai bezafibrate, tsohon maganin kitsen jini ne, wani bincike da aka yi a Faransa a kan mutum 100 aka wallafa a 2018 ya nuna yana sauko da lambobin sosai har ƙaiƙayi yana ragewa. A 2024 kuma Amurka ta amince da sababbi biyu, elafibranor da seladelpar, sai dai kuɗinsu ba na aljihunmu ba ne yanzu. Amma Yaya ba ta kai nan ba, ita ko gwajin farko ba ta ba maganin ba tunda rabi take sha.

Abu ɗaya da ake mantawa, ƙashi. Ciwon nan na sa ƙashi ya yi laushi, ga ta kuma tana dab da ɗaukewar al'ada, a tambayi likita maganar bitamin D da kalsiyam, ta dinga ɗan tattaki tana shan hantsi. In kun ga wani ɗan kitse rawaya rawaya a fatar idonta kar ku tsorata, kolestarol ne, yana cikin alamomin. Amma in idon kansa ya yi rawaya, ko ciki ya kumbura, ko bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta, ko ta fara rikicewar magana, wannan asibiti ne a daren ba jiran ranar kilinik.

Hajiya ta Maraɗi:
Azumi fa likita? Don ita tamu bara ta sha wahala.

Likita Zee:
Ya danganta da matakin hantar Hajiya. Wadda hantarta ba ta ƙandare ba da yawa suna yi, a raba maganin tsakanin buɗa baki da sahur, wadda tata ta ƙandare kuma maganarta daban ce. Ta je wa likitanta tun watan Sha'aban su tsara.

Maman Hanif:
Ƴan uwa na dawo. Da la'asar na je gidan na zauna na karanta mata komai tun daga sama, da na zo kan na Anti Bilki wajen goya jika sai ta rufe fuska da mayafi ta yi ta kuka, daga baya ta ce in sake karanta mata. Maigidan nata ma na nuna masa bayanin Likita, bai ce komai ba ya tashi da kansa ya ɗauko kofin nata daga kan taga ya sa cikin kwandon wanke-wanke, da magariba tare muka ci tuwo kwano ɗaya da ita da abokiyar zamanta. Na kira yayyenmu maza biyu mun raba kuɗin maganin wata wata, daga daren nan ta koma guda huɗu. Baban Khalifa ashe har an kawo mata jiƙon daga ƙauye yana cikin jarka a bayan ƙofa, ta ce ba ta fara ba, na ce a bar shi. Ranar Talata za mu koma asibiti, na rubuta a takarda: garin ƙaiƙayi, tayirod, bitamin D, FibroScan, da nawa gwajin. Anti Bilki ta ce don Allah in kin yarda tana so ta ji muryarki.

Anti Bilki:
Da gudu ma. Ki turo min saƙo ta akwati, gobe bayan isha'i agogonku zan kira ta in sha Allah.